Tambaya: ta yaya aka tabbatar mu ne muka ɗumama duniya?

Maman_Biyu ta rubuta:

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman wanda zai warware mini wata magana da ta tsaya mini a rai. Duk sanda zancen ɗumamar yanayi ya taso, yayana yakan ce siyasa ce kawai, kuma shi ba mutum ne mai magana da ka ba, yana karatu sosai. Cewa yake duniya ta sha yin zafi ta sha yin sanyi tun ba a ƙera mota ba, to me ya sa na wannan karon za a ɗora mana? Ya ce ita iskar kabon ɗin da ake ta surutu a kanta ba ta ko kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na iskar sama ba, yaya ɗan abu haka zai juya duniya? Wani lokaci kuma ya ce rana ce ta ƙara ƙarfi, ko duwatsu masu aman wuta. Inda ya fi zafafawa shi ne, waɗanda suka yi arziki da ƙona kwal da fetur su ne yau suke cewa kada kowa ya ƙona.

Ni a jikina ina jin zafin ya ƙaru, musamman da dare, amma na san jin jiki ba hujja ba ce. 'Ya'yana ƙanana ne, su za su zauna cikin abin da ke tafe, shi ya sa nake so in san gaskiyar maganar. Don Allah wanda ya sani ya yi mini bayani da Hausar da zan iya maimaita wa Yaya.

Tsohon_Malamin_Fiziks ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayoyin yayanki masu kyau ne, su ne ma masana suka fara yi wa kansu. Bari in ɗauko daga wadda na fi jin daɗin amsawa, ta ƙanƙantar iskar.

Gaskiya ne kaɗan ce, yanzu ta ɗan haura kashi 420 cikin miliyan. Amma kusan kashi 99 cikin 100 na iskar sama naitirojin ce da oksijin, kuma waɗannan biyun ba ruwansu da zafin da ƙasa ke mayarwa sama, wucewa yake yi ta cikinsu salin-alin. 'Yan tsirarun da suka rage, wato tururin ruwa da kabon dayoksaid da mitan, su ne ke tare shi. Ki ɗiga tawada ɗigo ɗaya a kofin ruwa ki ɗaga shi a haske: ruwan ya fi tawadar yawa nesa ba kusa ba, amma ita ce ta hana hasken wucewa. Ba don waɗannan 'yan tsirarun ba, da matsakaicin zafin duniya ya tsaya wajen digiri 18 ƙasa da sifili, maimakon kusan 15 da muke da shi. Wannan kuma tsohon ilimi ne. Wata Ba'amurkiya, Eunice Foote, ta gwada a 1856 ta ga kwalbar da ke ɗauke da kabon dayoksaid ta fi ɗaukar zafi a rana. John Tyndall ya auna abin da kyau a Landan a 1859, Svante Arrhenius na Suwidin kuma ya yi lissafi a 1896 cewa ƙaruwarta za ta ɗumama duniya. A lokacin babu taron sauyin yanayi, babu kuɗin da ake rabawa, balle a ce don siyasa suka faɗa.

A 1958 Charles Keeling ya kafa na'urar awo a kan dutsen Mauna Loa da ke Hawayi, can tsakiyar teku, nesa da hayaƙin birane. Awon farko ya ba shi kusan 315. Ina so ki nemi zanen awon nan ki kalla da idonki. Layi ne mai haƙora kamar zarto: duk shekara yana sauka idan itatuwan arewacin duniya suka yi ganye suka zuƙi iskar, ya hau idan ganyen ya kaɗe ya ruɓe. Amma zarton gaba ɗayansa sama yake yi, kowace shekara ta ɗara ta bayanta.

Kafin Keeling fa? A Antaktika ana haƙa ƙanƙara mai zurfin kilomita 3, a zaro ta kamar doguwar sanda. Cikinta akwai 'yan ƙananan kumfa na iskar da dusar ƙanƙara ta rufe tun ranar da ta zuba. Masu aikin sukan ce idan aka jefa gutsurenta a ruwa ana jin kumfan na fashewa tas-tas, iskar da ta daɗe a kulle tun kafin a gina birni ko ɗaya a duniya. Awon kumfan nan ya koma baya shekara 800,000, kuma a tsawon wannan lokaci kabon dayoksaid tana yawo ne tsakanin 180 da 300. Kafin zamanin masana'antu tana wajen 280. Saboda haka yayanki ya yi daidai, yanayi ya sha canzawa, amma ruwa ba ya tsami banza. Canjin baya yana da sanadi, galibi ɗan sauyin da ake samu a yadda duniya ke kewaya rana da yadda take karkata, kuma abu ne mai cin dubban shekaru. Namu ya faru cikin shekara 150.

Rana kuwa, tun 1978 taurarin ɗan'adam ke auna haskenta. Yana ɗan hawa da sauka duk shekara 11, bai ƙaru ba, zafin ƙasa kuma sai hawa yake. Ga hujjar da ni ta fi gamsar da ni: da rana ce, da sama da ƙasa duk sun ɗumama tare. Abin da aka auna shi ne iskar da ke kusa da mu na ɗumama, ta can ƙololuwa tana ƙara sanyi. Haka abin yake kasancewa idan ana riƙe zafi a ƙasa ana hana shi fita. Daren da kika ambata ma yana cikin alamun, a wurare da yawa zafin dare ya fi na rana saurin ƙaruwa.

Duwatsu masu aman wuta ba su kai ko kashi 2 cikin 100 na kabon dayoksaid da muke fitarwa ba, mu da kwal da fetur da gas ɗinmu mun haura tan biliyan 35 a shekara. Babban amansu ma sanyi yake kawowa. Da dutsen Pinatubo ya fashe a Filifin a 1991, ƙurar da ya watsa sama ta rage zafin duniya da kusan rabin digiri na shekara ɗaya zuwa biyu. Sannan kabon ɗin kansa na ɗauke da shaidar inda ya fito. Tsirrai sun fi zuƙar nau'in kabon mara nauyi, kwal da fetur kuma ragowar tsofaffin tsirrai da halittu ne, kuma awo ya nuna kabon ɗin sama yana ƙara karkata zuwa mara nauyin.

Maganar waɗanda suka yi arziki da ƙonawa, wannan ba fagena ba ne, na bar wa wasu.

Mai_Neman_Adalci ya amsa:

Malam, Allah ya ƙara basira, ba ni da ja a kan awo. Amma ni ina bayan Yaya a batunsa na ƙarshe, kuma ba na so a wuce shi da sauri. Afirka gaba ɗayanta ba ta fitar da kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya, kuma mutum wajen miliyan 600 a kudu da Sahara ba su da lantarki. Amurka ce ta fi kowa tara hayaƙi a sama idan aka haɗa tun daga farko, Sin ce ta fi kowa fitarwa a yanzu. A Kofenhagen a 2009 ƙasashe masu arziki suka yi wa ƙasashe masu tasowa alkawarin dala biliyan 100 duk shekara zuwa 2020. Ba su cika a kan lokaci ba, kuma kaso mai yawa na abin da suka bayar bashi ne da za a biya. Amurka ta shiga yarjejeniyar sauyin yanayi ta Faris ta 2015, ta fita, ta dawo a 2021, a 2025 shugabanta ya sake sa hannu a fita. To mutumin da yake kallon wannan, don me ba zai ce siyasa ce ba? Wanda ya ci ladan kuturu shi zai yi masa aski.

Hajiya_Mai_Ruwa ta amsa:

Ƙanena Mai_Neman_Adalci, duk abin da ka faɗa haka yake, sai dai ni a wurina hujja ce a kan Yaya. Idan muka ce ɗumamar yanayi ƙarya ce, to wa zai biya diyyar ɓarnar da mu da bakinmu muka ce ba ta faru ba? Masu hayaƙin ba abin da suke so kamar haka. Masanan kamfanin mai na Exxon da kansu sun yi hasashen wannan ɗumamar tun ƙarshen shekarun 1970, hasashen kuma ya zo kusa da abin da ya faru, amma kamfanin ya ɗauki shekaru yana cusa shakka a zukatan mutane. Shakkar nan da Yaya ke ji a ransa, akwai waɗanda suka kashe kuɗi don ta yaɗu.

Ni aikina a harkar ruwa yake, kuma abin da nake so Maman_Biyu ta riƙe shi ne, duk digiri ɗaya da iska ta ƙara zafi tana iya ɗaukar ƙarin tururi wajen kashi 7 cikin 100. Tana tsotse ƙasa ta bushe da wuri, in kuma ta tashi zubarwa ta zubar da yawa lokaci guda. Shi ya sa za ki ji fari da ambaliya duk ana danganta su da abu ɗaya, mutane su ɗauka ruɗu ne. Ki duba Pakistan a 2022: ambaliya ta shafi mutum miliyan 33, sama da 1,700 suka rasu, ƙasar da hayaƙinta bai kai kashi 1 cikin 100 ba. A shekarar ne aka amince a taron sauyin yanayi na Sharm el-Sheikh da ke Masar a kafa asusun biyan asara da ɓarna, kuma ƙasashen da suka tsaya a kan kimiyyar ne suka matsa har aka yi. Ba na cewa kowace ambaliya ɗumamar yanayi ce, magudanar da aka toshe da gidan da aka gina a hanyar ruwa suna da nasu laifin. Amma ruwan da ke sauka a kansu ya ƙara nauyi.

Wasu kuma sukan ce ikon Allah ne, a yi shiru. Ikon Allah ne mana, cuta ma ikonSa ce, amma ba wanda ya ce kada a nemi sanadinta a sha magani.

Maman_Biyu ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Batun iskar sama da ke ƙara sanyi ban taɓa jin sa ba. Saura abu ɗaya, Malam. Na ji ana ta cewa kada a wuce digiri 1.5. Tsakanin asuba da azahar ai zafi kan canza fiye da digiri 10 kuma ba abin da ke faruwa. Na san Yaya sai ya kawo wannan.

Tsohon_Malamin_Fiziks ya amsa:

Zai kawo kuwa, ɗalibaina ma sun sha kawowa. Digiri 10 na asuba da azahar na wuri ɗaya ne, da dare ya koma inda yake. Digiri 1.5 matsakaici ne na duniya baki ɗaya, tudu da teku, dare da rana, shekara da shekaru. Wajen shekara 20,000 da suka wuce, lokacin da ƙanƙara mai kaurin kilomitoci ta rufe inda Kanada take yau, teku kuma ya yi ƙasa da mita 120, bambancin matsakaicin da na zamanin kafin masana'antu digiri 5 zuwa 6 ne kacal. A 2024, shekarar da ta fi duk waɗanda aka taɓa aunawa zafi, mun kai wajen 1.5 sama da na kafin masana'antu. Shekara ɗaya ba ta nufin an karya iyakar digiri 1.5 ta yarjejeniyar Faris, don ana duba matsakaicin shekaru masu yawa ne, amma mun zo bakinta. Kuma tudu ya fi teku saurin ɗumama, a tudu muke zaune.

Teku ne ya shanye wajen kashi 90 cikin 100 na ƙarin zafin. Ruwa in ya ɗumama yana kumbura, ga ƙanƙarar Girinlan da ta duwatsu na narkewa a ciki, tun 1900 ya tashi da kusan santimita 20. Ga mutanen ƙasar Tubalu da ke tekun Pasifik, tsibiran da mafi yawansu ba su fi 'yan mitoci sama da ruwa ba, wannan ya isa har gwamnatinsu ta ƙulla yarjejeniya da Ostireliya a 2023 don mutum 280 su riƙa ƙaura duk shekara. Rahoton kwamitin masana na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ce a digiri 1.5 za a rasa kashi 70 zuwa 90 cikin 100 na murjanin teku, a digiri 2 kuwa sama da kashi 99, kuma kifin da miliyoyin mutane ke rayuwa da shi a nan yake hayayyafa.

Idan Yaya na son inda masana ke gardama har yanzu, ki nuna masa batun gajimare. Wani gajimaren yana mayar da hasken rana, wani yana riƙe zafi, kuma yadda za su canza shi ne ya sa ba a ba da lamba ɗaya ba. Idan kabon dayoksaid ta ninka ta kai 560, rahoton kwamitin na 2021 ya ce zafin zai ƙaru tsakanin digiri 2.5 da 4, an fi sa ran 3. Ki ce masa ya shigo da kansa mu tattauna wannan, zan so in ji ta bakinsa.