Gadon ƙanwata na zubar da gari, don Allah a ba ni shawara

Mai tambaya, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun da aka hana acaba a Ikeja, Surulere da Apapa nan Legas a watan Yunin 2022 na sayar da mashin ɗina, na koma koyon kafinta wurin wani Bayarabe. Shekara biyu ina share masa shago kafin ya yarda na riƙe zarto. Mahaifinmu ya rasu, ni ne babba, kayan ɗakin ƙanwata a kaina suke. Kuɗin sabon katako ya fi ƙarfina, sai na sayi katakon falet da ake ɗora kaya a kwantena, na haɗa da tsofaffin ƙofofin wani gida da aka rushe a Ebute Metta. Na yi gado da kwaba, kowa ya gani sai ya yaba. Yanzu kullum da safe ina tarar da gari kamar na masara a ƙarƙashin gadon, durowa ɗaya ma ta ƙi buɗuwa. Saura wata biyu a kai kaya Kano. Hajiyarmu ba ta sani ba. Wallahi barci ya gagare ni.

Tsohon kafinta, Idi-Araba: Yaro, garin nan ƙwaro ne a cikin katakon, ba gara ba, ita gara ƙasa take ɗorawa. Ka duba tambarin falet ɗin. HT na nufin an gasa shi, zafin ya kai digiri 56 har tsakiyarsa na minti 30. MB kuwa feshin guba ne, ba a kwantar da mutum a kansa. Ƙofofin in loko ne bar su, ƙwaro ba ya cika taɓa shi. Falet ɗin ka cire duka. Shekarata 30 a sana'ar nan.

Mai tambaya: Baba, na goge tambarin da samfefa, amma katakon mai tsabta ne, da hannuna na zaɓa ɗaya bayan ɗaya.

Wani daga Mile 12: Malam shafa masa baƙin mai kawai, haka muke yi wa katakon rumfa.

Wata Hajiya, Obalende: Baƙin mai a gadon amarya? Haba! Ni da aka kawo nawa kayan, damina ɗaya ƙasan kwabar ya kumbura ya zube, dangin miji suka yi ta yi mini gori. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. Ɗana, ka faɗa wa mahaifiyarka gaskiya.

Tsohon kafinta: Ku bar maganar baƙin mai. Kuma ko ƙwaron ya mutu akwai sauran aiki. Katakon da ya sha laimar Legas, in ya haɗu da hunturun Kano tsukewa zai yi, mahaɗa su saki. Durowar da ta ƙi buɗuwa yau, can sai ta riƙa rawa.

Wani daga Alaba Rago: Ka yi wa ramukan allurar Solignum, maganin ƙwarin katako, da sirinji, ka naɗe da baƙar leda ka shanya a rana.

Tsohon kafinta: Wace rana a daminar Legas?

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Amma cirewa gaba ɗaya ba zai yiwu ba, na riga na sa gam na yi fenti, kuɗi kuma sun ƙare. Gefe ɗaya ne kawai ke zubar da garin. In na canza wannan gefen kaɗai fa, Baba?