An kawo min aikin zanen ɗan takara, in karɓa?

Mai_Burushi: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shekara 11 ina zanen allon shaguna da bayan manyan motoci a Birnin Kebbi. Yaron wani ɗan takara ya zo, wai in zana maigidansa a wata katanga kan hanyar Argungu, bayansa dalar shinkafa, gefe mata na ɗibar ruwa a famfo. Dubu 300. Sunan ƙauyen da za a rubuta ƙarƙashin famfon, garin mahaifiyata ne, kuma har gobe da guga suke jan ruwa. In karɓa?

Ɗan_Jega: Karɓi rabi kafin alƙalami. Kada ka buɗe fenti sai kuɗi sun shigo.

Baban_Hafsa: Ƙanena, ji nawa. A 2019 na zana bango 14 a Yauri, na ci bashin fenti, na ɗauki yara biyu. Mutumin ya faɗi zaɓe, wanda ya kawo aikin ya daina ɗaga wayata. 'Yan ɗaya ɓangaren suka watsa baƙin mai a fuskokin, sannan suka zo shagona. Babur ɗina na sayar na biya mai fenti. Har yau wasu ba sa kawo min allo, sun ce ni ɗan jam'iyya ne.

Zuru_Fleks: Dubu 300? Da dubu 80 zan buga fleks, wato hoton da inji ke bugawa a kan leda, mai girman nan.

Ɗan_Jega: Dubu 80 a wace shekarar? Ko 150 ba ta yi yanzu.

Malam_Tarihi: Mai mulki bai taɓa rabuwa da mai zane ba. Mun ga fostocin WAI, shirin yaƙi da rashin ɗa'a na mulkin sojan Buhari, a 1984, mun ga bajen hoton Abacha a ƙirjin manya. A Tarayyar Sobiyet, da aka kashe Yezhov, tsohon shugaban 'yan sandan ciki na Stalin, goge shi aka yi daga hotonsa da Stalin. Hoto na shiga inda karatu bai kai ba, mahaifiyarka ma za ta gane famfon.

Zuru_Fleks: Malam, kai albashi kake jira. Bar masu sana'a su yi magana.

Gimbiya: Zana famfon ba ruwa mana, kowa ya huta 😂

Hajiya_Bilki: Ni masu liƙa fosta ne damuwata. Katangar Islamiyyarmu sun rufe ta har kan sunan makarantar. Wa zai kankare?

Mai_Burushi: Baba, Allah ya mayar da alheri. Amma maganar famfon fa?

Ɗan_Jega: Hajiya, jiƙa ta da ruwan zafi, kokon rogo ne suke liƙawa da shi.