Nas ce ni, amma haihuwa nake karɓa: makarantar ungozoma ko mastar?

Nas daga yankin Gider:

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka riga ni a wannan aiki. Ina da diflomar jinya ta gwamnati, ina aiki a wani ƙaramin asibitin ƙauye a Arewacin Kamaru. Ba mu da ungozoma mai takarda, don haka awon ciki da karɓar haihuwa duk a wuyana suke. Tun da aka kawo Chèque Santé, wanda mace ke biyan sefa 6,000 a kula da ita daga awo har bayan haihuwa, ɗakinmu mai gado biyu bai huta ba. Abu biyu ke hana ni barci: zubar jini bayan haihuwa da jijjiga. Ina yin abin da aka koya mini, amma na san akwai inda hannuna bai kai ba.

Maigidana ya yarda in koma makaranta. In rubuta konkur, wato jarrabawar shiga makarantar ungozoma, in ƙara shekara uku, ko in yi lisans (digirin farko) in wuce mastar (digiri na biyu) a fannin lafiyar haihuwa? Yarana ƙanana ne, Yawunde kuma ba nan kusa ba.

Tsohuwar ungozoma, Marwa:

Wa alaikumus salam ɗiyata. Allah ya yi miki albarka da kika damu da matan nan.

Halin da kike ciki yana da dalili. Ƙasar nan ta yi sama da shekara 20 ba ta horar da ungozoma, sai a 2011 aka sake buɗe makarantun. A shekarar ne binciken lafiya na ƙasa ya nuna mata 782 ke rasuwa a kowace haihuwa 100,000. Giɓin nan ne nas-nas irinki suke cikewa har yau.

Ni dai makarantar ungozoma nake ce miki. Abin da kika ce yana tsorata ki, a ɗakin haihuwa ake koyon maganinsa, kina tsaye kusa da wadda ta fi ki, dare bayan dare. Yadda za ki ɗora hannu a ciki ki gane mahaifa ta ƙi tsukewa, ki murza ta, ki duba ko wani yanki na mabiyiya ya rage. Yadda za ki ba mai jijjiga magneziyom salfat kina ƙirga numfashinta, kina duba fitsarinta. Yadda za ki cika takardar bin naƙuda da gaskiya, ki ga naƙuda ta tsaya tun da sauran lokaci. Wannan na ƙarshen ya fi mini komai. A damina mayo, wato rafi, na iya cika ya raba ki da babban asibiti, to dole ki tura mace tun rana ba ta faɗi ba. Matan da ake yi wa aikin yoyon fitsari a Ngaundere, yawancinsu doguwar naƙuda ce ta kai su.

Kafin ki tafi ma, ki duba inda kuke ajiye oksitosin, allurar tsayar da zubar jini bayan haihuwa. Zafin watan Maris da Afrilu na ɓata shi idan ba ya cikin sanyi. Sai ki yi allura jini ya ƙi tsayawa, ki ɗauka laifin hannunki ne.

Garwa na da makarantar ungozoma, ba sai kin yi nisa da yaranki ba.

Malamin makarantar jinya, Ngaundere:

Hajiya ta yi gaskiya a kan hannu, ba na ja da ita. Amma ƙanwata, kada ki rufe ƙofar mastar.

Ki fara sanin cewa diflomarki daga ma'aikatar lafiya take, jami'a kuwa lisans take nema kafin mastar. Makarantar kimiyyar lafiya ta jami'ar Katolika a Yawunde na ba da wannan karatu. Jami'ar Buea ma na da jinya da ungozomanci, sai dai da Ingilishi ake koyarwa. Ni a Yawunde na yi, na zauna wajen dangi a unguwar Hausawa ta Briketeri, ina hawa jirgin ƙasa na dare in zo in ga iyali. Idan ke ma'aikaciyar gwamnati ce, kada ki ɗaga ƙafa sai takardar izinin karatu ta fito, don kada albashinki ya tsaya.

Mastar koyarwa take kai mutum, ko shugabancin sashe, ko aiki da ƙungiyoyi irin su UNFPA, hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da yawan jama'a da lafiyar haihuwa. Dalilina na matsa miki ɗaya ne. Muna da ƙarancin malamai mata 'yan Arewa. Ɗaliba za ta haddace komai da Faransanci, ta je ƙauye ta kasa yi wa uwar miji bayani da Fulatanci ko Hausa dalilin da ya sa za a kai surukarta tiyata. Ke kin san yadda ake wannan magana, kuma abin koyarwa ne.

'Yar Kuseri:

Yaya, wasu za su ce ki tsallaka Yola ko Kano tunda akwai Hausa. Karatun can da Ingilishi ne, kuma in kin dawo sai an tantance takardarki a ma'aikatar ilimi mai zurfi kafin a karɓe ta. Ki sa wannan jiran cikin lissafinki. Haka ma in Njamena ce, duk da gada kawai ke tsakaninmu.

Nas daga yankin Gider:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Inna, na duba firijinmu, na allurar rigakafi ne mai aiki da hasken rana, gobe zan yi wa shugabanmu maganar oksitosin. Zuciyata ta karkata ga Garwa, yara sai su zauna wajen mahaifiyata. Malam, idan na gama ungozomancin, lisans ɗin da ke biye shekara nawa ne, kuma ana iya yin sa mutum yana aiki?