Yaya zan taimaki mahaifiyata ta sāke samun ta'aziyyar Ubangiji?

Salama a gare ku, iyayena da 'yan'uwana cikin Almasihu. Ina neman shawarar fastoci da dattawan ikilisiya a kan abin da ya gagare ni.

Muna zaune a Sabon Tasha, Kaduna. Tun da mahaifinmu ya rasu bayan doguwar jinya da ta cinye ɗan abin da muke da shi, Mama ta daina addu'a, alhali ita ce ke tashinmu da asuba domin sujadar iyali, kuma ba ta taɓa fashin taron zumuntar mata ba. Ba ta musun Allah, amma tana cewa ta roƙe shi da hawaye bai amsa ba.

Na karanta mata Zabura 23 da 2 Korantiyawa 1:3-4, inda Bulus ya kira shi Allah na dukan ta'aziyya, sai ta yi shiru kawai. Wasu masu zuwa gaisuwa suna ce mata rashin bangaskiya ne, kuma a ganina wannan magana tana ƙara mata ciwo, domin Ubangiji da kansa ya tsawata wa abokan Ayuba, kuma Yesu ya yi kuka a kan mutuwar Li'azaru.

Shin ya dace in riƙa karanta mata zaburan makoki, kamar Zabura 13 da 88, ko kuwa za su ƙara mata baƙin ciki? Sannan yaya zan gane ko damuwar ta kai matakin da za mu ga likita, tunda barci da cin abinci ma sun ragu?