Kafin a ɗaga Hilux, me ake fara gyarawa a ƙasanta?

Ɗan Mai'aduwa:
Assalamu alaikum. Hilux ce ƙirar 2012 mai ogzilare (giyar da ke sa tayoyi huɗu su ja), aikinta tsakanin Daura da ƙauyukan Zango da Baure, kuma rairayi na yawan kama cikinta. Ana so a ɗaga ta inci 3, a cire taya 265/65R17 a sa 285/70R17. Kafin a sayi shokozoba da sifirin, me ya kamata a fara taɓawa a shaf (sandunan da ke juya tayoyin gaba) da farfela (doguwar sandar da ke kai juyi daga giya zuwa aksul)?

Bakaniken Ƙofar Ƙaura:
Wa alaikumus salam. Malam, inci 3 ya yi wa gabanta yawa. Aksul ɗin gaba, wato akwatin haƙoran da ke raba juyi ga tayoyi biyu, a jikin firam yake ɗaure, ba kamar na Land Cruiser 79 da ke tafiya tare da tayoyi ba. Idan ka ɗaga motar, aksul ya hau sama, taya tana ƙasa, sai shaf ɗin nan biyu su karkace. Robarsu ta riƙa cin kanta har ta yage, giris ya fita, yashi ya shiga, ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Ka tsaya a inci 2. In kuwa dole sai 3, a sauke aksul ɗin da kusan inci 1 da ƙarafan da ake yi don haka, a canza hannun sama, wato ƙarfen da ke riƙe tayar gaba daga sama, in ba haka ba alaimen ba zai zauna ba. Kada a sa washa da gajeren noti a wurin nan.

Baban Hajara:
Babbar taya ce za ta fi wahalar da kai, Alhaji. Tsohuwar tsayinta milimita 776 ne, sabuwar 831, bambancin kusan kashi 7 cikin ɗari. Motar za ta yi nauyin tashi, kuloci ya sha wuya a cikin rairayi, mita kuma ta nuna ƙasa da gudun da kake yi. Maganinsa canza haƙoran aksul. A buɗe a ƙirga: idan babban giyar tana da haƙora 41, ƙaramar 10, wato 4.10 ke nan, ƙarin kusan kashi 7 ɗin nan zai kai ka 4.39, sai a nemi mafi kusa da shi a kasuwa. Gaba da baya lallai su zama iri ɗaya. Idan suka bambanta, ranar da ka sa ogzilare ɗaya zai riƙa jan ɗaya har wani abu ya karye. Mai GL-5 za a zuba, a juye shi bayan kilomita 800. Tayar kuma za ta goga jikin mota idan an karya sitiyari duka, sai an ɗan yanke.

Ɗan Mai'aduwa:
Na gode. Bayan fa?

Bakaniken Ƙofar Ƙaura:
Farfelar baya gaɓa biyu ce, da boris a tsakiya. Bayan ɗagawa za ka ji karkarwa lokacin tashi. A sauke boris ɗin kaɗan, idan ba ta daina ba a cusa siririn ƙarfe mai gangare na digiri 2 tsakanin sifirin da aksul. Kuros (mahaɗin farfela) da ya riga ya yi wasa a canza shi yanzu. Sannan a ɗaga motar da jak har tayoyin baya su rataya, a duba tiyon birki: idan ya miƙe tsaf, a sa mai tsawo kafin ta hau hanya.