Shekara ashirin tana shiru: a yarda da ita ko a'a?

Mai shago a Kwari: Ni fa ina nan kan bakana. Mace ta yi shiru shekara ashirin, ta yi aure ta hayayyafa, rana tsaka ta ce wane ya yi mata fyaɗe tana yarinya. Tun can tana ina? Akwai lauje cikin naɗi.

Anti Nas: Alhaji, tana inda muka ajiye ta. Sau nawa ake kawo mana yarinya bayan kwana biyar, an gasa ta da ruwan zafi da bagaruwa, an wanke zanen ko an ƙone shi? Uwar tana raɗa min, "Don Allah a rufa asiri, ƙanin babanta ne, wa zai aure ta in aka ji?" Maganin kariya daga ƙanjamau ma cikin awa 72 ake fara shi, ya riga ya wuce. Ga cibiyar Waraka mai kula da waɗanda aka yi wa fyaɗe nan a asibitin Murtala, amma sai an fito da yarinyar daga gida tukuna. 'Yar shekara tara kake so ta hau adaidaita ta kai kanta caji ofis?

Mai shago a Kwari: To in kuma sharri ne fa, Anti? Rigimar gado kaɗai ta isa a ƙulla wa mutum.

Barista: Abu biyu kuke cakuɗawa. Jinkiri kaɗai ba ya mayar da mai ƙara maƙaryaciya. Amma sashe na 36(5) na tsarin mulkin 1999 ya ɗauki wanda ake tuhuma a matsayin marar laifi, sashe na 135 na Dokar Shaida ta 2011 kuma ya ɗora wa masu gabatar da ƙara su kawar da duk wata shakka mai ma'ana. Ku dubi Kadinal George Pell, babban limamin cocin Katolika a Ostareliya, da aka zarga da lalata da yara maza biyu. Zargin na wajen 1996 ne, aka same shi da laifi a 2018, kotun ƙolin ƙasar ta sallame shi a 2020. Kotun ba ta ce mai ƙarar ƙarya ya yi ba. Wasu shaidu ne suka bayyana yadda aka saba gudanar da hidima a cocin bayan ibada, bayanin ya bar ƙofar cewa Pell bai samu damar keɓewa da yaran ba.

Anti Nas: Wato ka gaskata ni, kuma ka sake shi?

Barista: Yana faruwa, Anti, kuma da ciwo. Ni abin da ke ƙona min rai shi ne lauya ya tsare mace da "ranar Talata ce ko Laraba?" Wa ke tuna ranar? Sai ka ji ta manta shekarar, amma tana tuna launin labulen ɗakin da warin turarensa.

Malam na Gwale: Barista, a shari'a ma ana tunkuɗe haddi da shubuha, kuma aya ta 4 a Suratun Nur ta sa bulala 80 ga mai ƙazafi. Sai dai faɗuwar haddi ba ta ɗaure hannun alƙali, akwai ta'aziri, wato horon da alƙali ya ga ya dace, in alamu sun yi ƙarfi. Masu cewa "ta kawo shaidu huɗu ko ta yi shiru" sun yanke karatun a tsakiya.

Mai shago a Kwari: Allah gafarta Malam, alamun me bayan shekara ashirin?

Anti Nas: Ƙawar da ta gaya wa a lokacin. Katin asibiti, in bai ɓace ba. Dalilin da ya sa aka cire ta daga islamiyya aka tura ta ƙauye wajen kaka. Ka tambayi matan gidan, Alhaji, sun sani.

Mai shago a Kwari: Su zo kotu su faɗa mana.

Barista: Na taɓa aika wa wata uwa sammaci har sau uku. Na ukun, mijinta ne ya zo ya ce min ta tafi ganin gida.