An yi karo, an kuma rubuta tarar juyawa inda aka hana: a biya ko a je kotu?

Ɗan Ƙofar Durɓi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Direba ne zai juya a kan titin IBB, wata mota ta dake shi a gefe, aka rubuta masa takardar tara wai ya juya inda aka hana. Shi kuma ya ce babu allon hani a wurin. Ya biya ne, ko da hanyar ƙalubalanta?

Barista: Wa alaikumus salam. Kada ya yi gaggawar biya. A tsarin Hukumar Kiyaye Haɗurra (FRSC), wanda ya biya tara ya amsa laifi ke nan, ya kuma sarayar da damarsa ta tsayawa gaban alƙali. Wannan rasit ɗin ne mai ɗaya motar zai riƙe in an zo maganar kuɗin gyara. Ya fara karanta takardar da kyau: wa ya rubuta ta, FRSC ce ko KASSAROTA (hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Jihar Katsina) ko 'yan sanda, don kowace da dokarta. Sai laifin da aka rubuta, da wuri, da lokaci, da lambar mota. Saɓa alamar hanya daban, tuƙin ganganci daban, tararsu ma ba kusa take ba. In bai yarda ba, ya shaida musu a rubuce cewa kotu yake so, ya ajiye kwafi.

Baban Umma: Barista ya gama magana, amma rantsuwa ba ta cin shari'ar mota. Ɗana, ka sa shi ya koma wurin yau ɗin nan, kafin ƙura ta shafe sawun birki. Ya ɗauki hoto daga inda direba ke hango mahaɗar, ba daga bakin titi ba, yadda za a ga ko allon babu shi, ko ya faɗi, ko rumfa ta kare shi. Ya ɗauki layin tsakiyar titi: mai yanke-yanke ne, ko doguwar farar da ba a tsallakawa? In doguwa ce, rashin allo ba zai fisshe shi ba. Sannan inda motar ta lotsa. In ƙofar baya aka daka, alama ce ya kusa gama juyawa, mai zuwan ne bai rage gudu ba. In fitilar gaba ce, to shi ya shiga gaban mutum, gara a nemi sulhu.

Malam Na-Daura: Zanen wurin haɗari da 'yan sandan sashen motoci ke yi, kada ya sa hannu sai ya ga an auna daidai, an nuna inda kowace mota ta tsaya. Ya nemi rahoton VIO (jami'an duba lafiyar motoci) a kan motocin biyu, musamman birki da sigina. Masu shago da 'yan Keke Napep na wurin su ne shaidu, ya karɓi lambobin mutum biyu tun yanzu.

Hajiya Mai Inshora: Ya sanar da kamfanin inshorarsa da wuri, kuma kada ya rubuta wa kowa cewa laifinsa ne. Inshorar ₦15,000 da ta fara aiki a Janairun 2023 tana biyan ɓarnar dukiyar wani har naira miliyan 3, amma ba ta gyara motar mai ita. Ya tabbatar ta gaske ce, ba ta bakin tasha ba.

Barista: Haka ne Hajiya. Ranar zama a gaban majistare ya zo da lasisi da takardun mota na asali. In ɗayansu ya ƙare, ya sabunta, amma ya sani kotu ranar haɗarin za ta duba.

Ɗan Ƙofar Durɓi: Na gode, Allah ya saka da alheri. Baba, yanzu zan tura shi ɗaukar hotunan.